Kuɗin fenti ya bi ruwa a Lagdo, yanzu yaya zan yi da ɗakin hayar nan?

Amaryar Yelwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon zance, sai na faro daga tushe kafin tambayar ta fito.

Wata 9 ke nan da aka kawo ni wannan gidan haya a unguwar Yelwa, nan Garwa ta Kamaru, ciki da falo. Tun ranar da na shigo bangon ɗakin kwana yake ɓata mini rai. Wani kore ne mai duhu, ga sawun hannun 'ya'yan waɗanda suka tashi, ga ramukan ƙusa birjik. Muka riƙa ajiye kaɗan-kaɗan ni da maigidana har muka tara jaka 40 don fenti da sabon labule. Ranar Juma'ar da ta wuce aka ɗauke wuta tun la'asar. Daren nan ba wanda ya runtsa: mun ja katifa tsakar gida sauro ya koro mu, mun koma ciki zafi ya koro mu. Maigidana yana dawowa daga sallar asuba sai ya ce, "Tashi ki sa hijabi, Lagdo za mu." Na ɗauka wasa yake, sai da na ga ya zaro ambulan ɗin kuɗin fenti daga ƙarƙashin katifa.

Kafin hantsi ya dubi ludayi muna bakin tafkin Lagdo. Muka yi ciniki da wani mai kwalekwalen inji, ya kai mu tsibirin da Faransawa ke kira na rema, duk duwatsu ne manya-manya an jibge su kamar da hannu, remaye kwance a kai suna shan hantsi, ko a jikinsu. Daga nan ya zarce da mu tsibirin masunta da ake ce wa Madagaska. Muka ci giwan ruwa gasasshe da yaji a hannu, muka kwana a wani ƙaramin masauki a gari, Lahadi da yamma muka dawo. Abin da ya rage cikin ambulan jaka 11.

To ga matsalar. Ina buɗe ƙofar ɗakin nan sai na ji kamar ya faɗo mini a ka. Mai gidan hayar kuma ya hana buga ƙusa, ya ce fenti sai da saninsa, kuma kosiyon ɗinmu, wato kuɗin jingina na wata 2, yana hannunsa. Da jaka 11, me zan iya yi wa ɗakin da zai canza fuska ba tare da na taɓa kosiyon ba?

Mai Shago Lopere:
Wa alaikumus salam. Amarya, gaskiya ɗaya ce, ni ban ga asara a nan ba, illa ma Allah ya tsare ku. Kashe jaka 40 a bangon wani shuka ce a idon makwarwa. Na taɓa gyara ɗaki tas, har da siminti a ƙasa, wata 3 bayan nan mai gida ya leƙo ya ce ɗakin ya fi ƙarfin kuɗin da nake biya. Kifin da kika ci dai yana cikinki, ba mai ƙara miki haya a kansa.

Hajiyar Kolere:
Kai kuma da yake namiji ne, shago kake wuni. Ita ce ke kallon bangon nan safe da dare. 'Yata, ni abin da ya tsaya mini shi ne tafiyar. A ce mutum ya tashi da asuba ya ɗauki 'yar mutane ya shiga da ita tsakiyar ruwa, ba wanda ya sani a gida? Ba a fafe gora ranar tafiya. Da wani abu ya faru fa?

Amaryar Yelwa:
Hajiya, na kira Mama muna cikin mota. Ta yi faɗa, amma ta ce in sayo mata banda.

Ɗan Masunta:
Hajiya tana da gaskiya ta wani gefen, bari in faɗa a matsayina na wanda aka haifa a bakin wannan ruwa. Tafkin Lagdo ba kududdufi ba ne, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 586 ne. Da safe za ka gan shi kwance kamar mai a faranti, amma da zarar iskar gabas ta taso gab da damina, cikin 'yan mintoci igiya take tashi ta fi bakin kwalekwale. Duk mai zuwa ya shiga ruwa da sassafe ya fito kafin la'asar, ya nemi rigar ceto kafin ya biya kuɗi, kada ya bari sai an tura jirgi. Idan mai jirgi ya ce ga dorina a yi shiru a kauce, to a yi shiru, ba lokacin ɗaga waya ba ne, musamman mai ɗa. Kada kuma zafi ya sa a shiga wanka a gefen da ruwa ke kwance cikin ciyawa, nan ake kwaso tsargiya, sai bayan makonni mutum ya ga jini a fitsari ya rasa dalili.

Sannan ku sani daga Yuli zuwa Satumba ana rufe kamun kifi don kifi ya hayayyafa. Wanda ya je lokacin don cin gasasshe zai dawo da yawu.

Amaryar Yelwa:
Rigar ceto guda ce a jirgin, maigidana ya sa mini. Wani yaro kuma tun da muka tashi har muka sauka yana kwarfar ruwa da yankakken galan. Ban gaya wa Mama wannan ba.

Kawu Direba:
Ga masu tambayata ta bayan fage yadda ake zuwa: hanyar Gaundare za ka kama, ka haye gadar Binuwai, wajen Ngong ka karya hagu. Kilomita 60 ne da ɗoriya, ba wata tafiya ba ce. Ka riƙe katin shaidarka a aljihu, akwai jandarmomi a hanya. Idan ka isa kan madatsar ruwan Lagdo ka tambayi masu gadi kafin ka ɗauki hoto.

Ni ina yaro aka yi aikin nan. 'Yan Sin ne suka gina ta daga 1977 zuwa 1982, zamanin Ahmadu Ahijo, injina 4 masu ba da megawat 72. Tsibiran da kuka hau ɗin nan kawunan duwatsu ne, da can a ƙafa ake zuwa gindinsu. Kuma amarya, wutar da aka ɗauke miki daren Juma'a da ruwan da kika je kallo duk abu ɗaya ne. Idan bazara ta yi nisa ruwa ya ja baya, injinan ba sa samun abin da zai juya su yadda ya kamata, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Kin gudu daga zafi kin je wajen mai laifin ne da kanki.

Ɗan Jimeta:
Ku kuna zuwa shan iska, mu a Yola in aka ce Lagdo gabanmu ke faɗuwa. Ba mu manta 2012 da 2022 ba, da aka saki ruwa.

Kawu Direba:
Allah ya kiyaye gaba, ɗan uwa. Amma ka tambayi naku labarin madatsar Dasin Hausa da aka ce za a yi ta tare ruwan ta ɓangarenku, har yau shiru.

Uwar Biyu:
Don Allah maza ku bar mana madatsa, baiwar Allah ɗaki ta tambaya. Ƙanwata, turo hoton ɗakin mu gani.

Amaryar Yelwa:
Na tura guda 3. Ku yi haƙuri da duhun, taga ɗaya ce.

Uwar Biyu:
Na gani. Kar ki ji haushina, amma bangonki ba shi ne babban mai laifi ba. Ina bangon ma yake? Gado mai rumfa ya cinye rabin ɗaki, durowar kaya ta tsaya a gefe, kwabar kwanuka ta rufe rabin tagar, akwatuna 5 a kan juna, ga labule mai kauri kamar bargo har ninki biyu. Ko fentin zinariya kika shafa, tafin hannu biyu kawai za a gani. Iska ta ina za ta shiga, balle ta fita?

Amaryar Yelwa:
Yaya, wallahi kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, kunyar faɗa nake ji. A Madagaska da azahar ta yi na nemi inda zan yi salla, wata mata mai bandar kifi ta shigar da ni ɗakinta. Ɗan ɗaki ne da bai kai rabin nawa ba. Tabarma ɗaya, gidan sauro an naɗe shi an ɗaure a sama, igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan da zannuwanta 4 a rataye, adaka ɗaya ta ƙarfe, randa a lungu an kife mata faifai. Ƙofa na kallon ruwa, wata 'yar kafa a bayan ɗaki, iska na ratsawa tana kaɗa bakin zannuwan. Na idar da salla na kasa tashi. Ba cewa nake talaucinta ya burge ni ba, na ga hayaƙi ya cinye mata ido, na ga yadda take lissafin icen banda. Amma a ɗakinta na yi numfashin da na yi wata 9 ban yi a nawa ba. Shi ya sa da na dawo ɗakin ya faɗo mini a ka.

Hajiyar Kolere:
To, an zo wajen. Na san nan za a biyo. 'Yata, wannan kwabar da kike gani ta tare miki taga, shekara nawa uwarki ta yi tana adashi tana tara abin da ke cikinta? Samira ɗaya, kwalla ɗaya, tangaran rabin dozin, tun kina firamare. 'Yan jere suka wuni suna ɗora wannan kan wannan. Kayan ɗaki mutuncin mace ne, kuma bankinta ne ranar da ta shiga matsi. Ki kwana ɗaya a tsibiri ki dawo ki ce sun yi miki yawa? Ranar da dangin miji suka shigo suka ga ɗaki wayam, ba ke za a zaga ba, gidanku za a zaga.

Uwar Biyu:
Hajiya, ba wanda ya ce ta sayar. Amma jeren nan an tsara shi ne don ɗakunan gidajenmu na da, masu kaurin bango da rufin azara, inda rana ba ta ratsowa. Yanzu an ɗauko shi cak an zuba a ɗakin bulo mai rufin kwano, a Garwa, a watan Afrilu da zafi ke haura 40. Kwanukan da ba a taɓa ci a cikinsu ba su sha iskar taga, mai su ta kwana a zaune?

Hajiyar Kolere:
Mu da muka zauna da namu shekara 30 ba mu mutu ba.

Malamin Hausare:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ina ganin ba a saɓa ba sosai. Kayan nata ne, mallakinta, inda ta ga dama za ta ajiye, sai dai kyautatawa ce ta sanar da mahaifiyarta kada ta ji a bakin wasu. Bangon kuwa ba nata ba ne. Abin haya amana ne a hannun mai haya, amfani aka sayar masa ba gidan ba, don haka tunda mai shi ya ce sai da saninsa, to sai da saninsa, ko da gyaran alheri ne. Ki tura maigidanki ya same shi, idan sun daidaita a rubuta a takarda da shaidu 2: wane launi, wa zai biya, za a cire daga kuɗin haya ko a'a, kuma ba za a taɓa kosiyon saboda shi ba. Maganar baka ita ce take haɗa mutanen kirki faɗa ranar tashi.

Mai Shago Lopere:
Malam, a ƙara da cewa ba ƙarin haya har shekara. Ni nan aka cije ni.

Mai Fenti Jambutu:
Sana'ata ce, bari in sa baki. Da farko ki jiƙa tsumma ki goga a bangon. Idan koren ya biyo tsumman, fentin ruwa ne, aikinki ya yi sauƙi. Idan bangon na sheƙi, ruwa na zamewa a kai, fentin mai ne, kuma duk abin da kika shafa a kansa ba tare da an kankare shi da sampepa ba zai ɓare kamar ɓawon albasa.

Ɗaki mai mita 3 da 4, idan aka cire ƙofa da taga, bangonsa bai wuce murabba'in mita 35 ba. Da kuɗin da ke hannunki farar ƙasa ce daidai ke, ga ta nan ana kawowa daga Figil, ba tsada. A jiƙa ta ta kwana, a tace, a zuba gishiri da ɗan ƙaro da aka narkar don kada ta riƙa bin kaya, wasu na ɗiga shuɗin wanki kaɗan don farin ya fito. Tana cin hannu kuma ba ta wasa da ido, a sa safar roba. Lokacin shafawa za ki ga kamar ruwa kawai ake shafawa, kada ki karaya, sai ta bushe take nuna kanta. Kan kore mai duhu sai an yi hannu 2, wataƙila 3. Ramukan ƙusa a cike su da farin siminti tun kwana ɗaya kafin nan. A yi yanzu kafin ruwan sama ya sauka, bango na shan aiki da kyau.

Abin da nake roƙonki kada ki saya shi ne takardar bango mai gam da ake tallatawa a Facebook. A hoto kamar otal. A zafin Garwa gam ɗin narkewa yake, bakin takardar ya naɗe, kyankyasai da kuɗin cizo su samu gida a baya, ranar cirewa kuma ta taho da fatar bango. Gyaran gangar Abzinawa ke nan, kosiyon ya tafi.

'Yar Njamena:
Ina ta karantawa ina kishi. Mu nan tsibiran Tafkin Chadi sun fi ƙarfinmu yanzu saboda tsaro, iyakarmu bakin Shari mu kalli Kusiri. Amma ɗakin haya ba ƙusa na san shi, gida 4 na zauna. Cire labulen bargon nan ki ninke, ki ajiye wa hunturu. Ki ɗaura igiya a ƙarafan tagar ki rataya lafaya mai shara-shara, ko tsohuwa ce, haske zai shigo da launinta. A waje ki sa asabari, da rana ki yayyafa masa ruwa, iskar da za ta ratso ta daban ce. Don rataye kaya ki sa a ɗaure miki ɗan tsani na gora ki jingina da bango, ba rami ko ɗaya. Sai kasko da turaren wuta bayan magariba. Ɗaki rabinsa ido ne rabinsa hanci.

Uwar Biyu:
Ledar ƙasan nan ma ki ɗaga ta ki ga abin da ke ƙarƙashi. Idan simintin lafiyayye ne, ki wanke shi ki shimfiɗa tabarmar kaba, ta fi sanyi a ƙafa. In kina da mai zuwa Marwa ki ba da saƙon tumtum ɗaya daga kasuwar masu sana'ar fata, ya ishe ki ado. Kwan fitilar nan mai farin haske kamar na shagon magani ki sauya da mai ruwan ɗorawa.

Tela Mai Keke:
Ragowar atamfa da ke cikin akwatunan nan 5, na tabbata akwai turmin da ba a taɓa ba. Yadi 2 ya isa rigar filo 4. Kawo in ɗinka miki, kuɗin zare kawai.

Autan Gida:
Ni tambayata ɗaya: remar nan ana ci?

Ɗan Masunta:
Auta, je ka fara biyan kuɗin jirgi tukuna.

Amaryar Yelwa:
Assalamu alaikum, na dawo da labari bayan kwana 12, kada ku ce na ci shawara na gudu.

Fentin ruwa ne, tsumma ya fito kore shar. Maigidana ya sami mai gidan, da farko ya ce a'a, da ya ji farar ƙasa ce kuma ba a neman ko dala daga wajensa sai ya yarda. An rubuta takarda, limamin unguwa da maƙwabcinmu suka sa hannu, har da maganar Mai Shago ta shekara guda. Ƙanin maigidana ya yi shafen, hannu 3, ya gama kamar an tono shi daga buhun gari. Da na ɗaga leda abin da na gani ba zan faɗa a nan ba, ana cin abinci.

Hajiya, na je gida da kaina na sami Mama. Na yi ta kewaye-kewaye, sai ta ce in faɗi abin da ya kawo ni. Da na faɗa ta yi shiru, ta ce ita ma kwabarta sai da ta haifi na uku ta samu ƙarfin halin matsar da ita, amma ko cokali kada ya bar gidana. Haka aka yi. Kwaba ta koma falo, tana kallon ƙofa, duk mai shigowa da ita zai fara gaisawa. Akwatuna 3 sun shige ƙarƙashin gado. Rumfar gadon mun kwance ta mun jingine bayan durowa. Durowar ce ta gagare mu, maza 2 suka kasa motsa ta, don haka bayanta har yanzu kore ne, ni da ku kaɗai muka sani.

Lafayar da na rataya ruwan goro ce, ta Yaya ce ta ba ni. Da safe duk farin bangon sai ya ɗauki launinta. Asabari na samu a babbar kasuwa, dabarar yayyafa ruwa tana aiki, sai dai kwana 2 na farko ɗakin ya yi warin ciyawa. An sake ɗauke wuta shekaranjiya, zafi na nan, ba zan yi muku ƙarya ba, amma mun yi barci a ciki. Saura jaka 1 da 'yan canji, maigidana ya mayar cikin ambulan ya rubuta Lagdo a bayansa.

Hajiyar Kolere:
Tunda uwarki ta yarda ni wace ce. Amma ki riƙa goge kwanukan nan duk Juma'a, falo ya fi shan ƙura. Kuma wannan karon a gaya wa mutane tun daren tafiya.

Mai Shago Lopere:
Mai gidan ya zo ya gani?

Amaryar Yelwa:
Ya zo jiya karɓar kuɗin wata. Ya tsaya bakin ƙofa ya ce ma sha Allah har sau 3, ya tambayi ƙanin maigidana nawa zai yi masa sauran ɗakunan. Ya dai daɗe yana kallon bangon fiye da yadda nake so.

Mai Shago Lopere:
Takardar fa, tana ina?

Amaryar Yelwa:
Tana cikin kwaba, a samira ta uku daga ƙasa. Hoton ta kuma yana wayar mutum 3.